Idan Keychain ya dame ku da tambaya, ku duba sa hannunku

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja a nan Damagaram, musamman waɗanda suka samu Mac na hannu suka fara aiki da shi, ga abin da ya cinye mini lokaci.

Na haɗa wata ƙaramar manhaja da ke ajiye kalmar sirri a Keychain, wato ma'ajiyar kalmomin sirri ta Mac. Duk lokacin da na gyara layi ɗaya na sake gina ta, sai tagar neman izini ta fito. In danna "Toujours autoriser", in sake ginawa, ta sake fitowa. Da na gaji, sai na buɗe wa kowace manhaja damar karanta abin da na ajiye, daga baya ma na zuba kalmar sirrin a fayil tsirara, da niyyar in gyara kafin in miƙa aikin. Ban gyara ba sai da wani abokin aiki ya gani. Har yau abin yana damuna, don kalmar sirrin ta mai aikin ce, amana ce aka ba ni.

Keychain ba ya gane manhaja da sunanta, da sa hannunta yake gane ta, kamar yadda ake gane takardar fada da hatimi. Tun da Apple ya fito da Mac masu ƙwaƙwalwar M1 a 2020, dole kowace manhajar da aka gina don irin waɗannan na'urori ta zo da sa hannu. In ba ka ba da takardar shaida (certificate) da za a sa hannun da ita ba, sai a lika mata na wucin gadi, wanda ake lissafawa daga abin da ke cikin manhajar kanta. Ka canza harafi guda, sa hannun ya canza, Keychain ya ɗauke ta baƙuwa. Tambayar da yake yi daidai ce.

Maganin ba ya cin ko dala. Ka shiga Xcode, manhajar Apple ta gina manhajoji, da asusunka na Apple, ka karɓi takardar shaidar gwaji kyauta, ko ka ƙirƙiri taka a Keychain Access, manhajar da ke kula da Keychain. Ka riƙa sa hannu da ita a kowane gini, kuma kar ka riƙa sauya lambar shaidar manhajar (bundle identifier). Umarnin `codesign -d -r-` zai nuna maka sharaɗin da ake gane ta da shi. In bai canza ba tsakanin gini biyu, ka huta.

Biyan Apple dalar Amurka 99 a shekara na rajistar masu rubuta manhaja sai ranar da za ka raba wa jama'a manhajar, lokacin da za ka buƙaci takardar shaida ta Developer ID da tantancewar Apple, wadda Gatekeeper, mai gadin Mac da ke duba manhaja kafin ta buɗe, ke nema tun daga macOS Catalina a 2019.

A ranar nan ka fitar da makullin sirrin da ke tare da takardar shaidarka a fayil na .p12, ka sa masa kalmar sirri mai ƙarfi, ka ajiye a wani wuri daban. Zafin watan Afirilu da ƙurar hunturu suna kashe kwamfuta a garin nan, kuma Apple ba ya riƙe kwafin makullin, a na'urarka kaɗai yake.