Abin da gida ke sayarwa idan damina ta ƙi

Aikin malamin gona a ƙauyukan jihar Maradi ya koya mini cewa idan damina ta ƙi, yunwa ba ta shiga gidaje rana ɗaya. Gida biyu a gari guda, gero ya ƙone musu tare, amma wani ya kai kaka ta gaba da gonarsa a hannu, wani kuma ya jinginar da tasa tun bazara. Bambancin yana cikin abin da kowanne zai iya sayarwa kafin ya taɓa jarinsa.

Sayarwar tana da tsari. Ana fara da kaji da zabi, a bi da akuyar uwargida, samari su tafi cin rani Kano ko Agadez. Idan abin ya ci tura sai a cinye iri, a sayar da san noma da amalanke, daga ƙarshe gona. Wanda ya kai matakin nan, ko ruwa ya yi kyau baɗi, ƙwadago zai yi a gonar wani. Shi ya sa na fi damuwa da duk abin da zai tsayar da magidanci a matakan farko, kuma ban ga abin da ya kai itace ba.

A da, manomi na kirki shi ne wanda ya share gonarsa fes. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki a Maradi, ya lura cewa kututturan da ake sarewa kowace shekara suna da rai, saiwoyinsu na nan a ƙasa. Ba sai an yi dashe ba. A zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututture, a datse sauran, a kare su daga dabbobi. Wannan shi ne sassaben zamani. Farin 1984 ya sa mutane da yawa suka gwada shi, don a lokacin ana ba da abinci a kan aikin. Yau ana ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, galibi a Maradi da Damagaram.

Abin da alƙaluman ba sa nunawa shi ne yadda itacen ke aiki cikin gida. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ga taki a ƙarƙashinsa, ga 'ya'yansa da tumaki ke ci da rani lokacin da ciyawa ta ƙare. Kalgo da sabara suna rage iskar farkon damina da ke binne tsiro da rairayi, wadda kan sa a yi shuka sau biyu ko uku. Mata suna samun kuɗin cefane daga kuka da aduwa da magarya. Dattawan da suka ga wahalar 2005, bayan fari da fara sun haɗu, sukan ce damin itacen da aka kai kasuwa ne ya sayo tiyar gero a gidaje da dama.

Akwai wasu dabarun da ke yin irin wannan aiki, kamar asusun Mata Masu Dubara da aka fara a 1991, da ajiye hatsi a sito da kaka a karɓi bashi a kansa maimakon a sayar da shi arha. Duk suna saya wa gida lokaci.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne na mallaka. Mutum ba ya rainon itacen da za a ci shi tara idan ya sare reshensa. Muddin ana ganin itace na gwamnati ne, manomi ya gwammace ya kashe shi tun yana ƙarami. Sai da ma'aikatan gandun daji suka sassauta aka ga gonaki sun cika, kuma a 2020 Nijar ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya yi rainonsa. A Ɗan Saga, cikin gundumar Aguié, kwamitin tsaron itatuwa ya haɗa da mata da makiyaya, domin dokar da aka yi ba da Bafulatani ba sandarsa ce za ta karya ta.

Inda har yanzu raina bai kwanta ba shi ne masu noman aro da haya. Mai gona yakan hana su barin itace, don tsoron kada gobe su ce ƙasar tasu ce. Yawancinsu zawarawa ne da matasan da rabon gado bai bar musu komai ba, kuma su ne fari ke fara kayarwa. Duk taron da na zauna da mai gari yanzu, nakan roƙi a rubuta yarjejeniyar aro a gaban shaidu, a faɗi na wa ne reshe, na wa ne 'ya'yan itacen, kafin a yi shuka.