Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Biki a Gidan Ɗan Hunan

Makon jiya mun tsaya inda masana'anta ta ce kayana ba za su fito ba sai bayan biki. A watan Janairun 2014 ke nan, kuma sabuwar shekarar Sinawa ta gargajiya ta faɗo ranar 31 ga watan. Duk wanda ya yi harka a Gwanzu, birnin kasuwanci na kudancin ƙasar Sin, ya san wannan lokacin. Tun da sauran kwanaki kasuwar yadi ta Zhongda ta fara watsewa, unguwar Xiaobei da muke sauka ta yi tsit, har gidajen taliyar Musulmi 'yan ƙabilar Hui da muke cin abinci galibinsu sun ja ƙofa. Ko nawa za ka biya ba mai ɗinke maka buhu. Kowa ya nufi gida wajen iyayensa. Kwana 40 hukuma ke warewa don wannan zirga-zirgar kaɗai.

Tafintana, wanda 'yan Kwari suka laƙaba wa Ɗan Hunan saboda sunansa ya gagare mu, shi ya same ni a ɗakin otal ina ta lissafin asara. Duk Bahaushe a wajensa Alhaji ne, ko da kuwa ni a lokacin ko aure ban yi ba.

"Alhaji, zaman me za ka yi a nan kai kaɗai? Tashi mu je garinmu. Babana bai taɓa ganin baƙar fata ido da ido ba."

Jirgin ƙasa mai gudu muka hau zuwa birnin Hengyang da ke lardin Hunan, tafiyar kamar awa biyu, daga nan kuma bas ta shiga da mu ƙauyuka. Matarsa ta riga mu yin gaba. Shi kuwa niƙi-niƙi yake da tsaraba: rigunan sanyi, maganin hawan jini, na'urar awon jini, kwalin taba na babansa. Ban ga ya saya wa kansa ko safa ba.

Mahaifin na tsaye a bakin titi cikin sanyi, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Na zaci za a rungumi juna, shekara guda fa ba su haɗu ba. Ina! Ɗan ya ce, "Ba, na dawo." Tsohon ya ce, "Kun ci abinci?" Shi ke nan gaisuwar. Sai kuma aka shiga kokawa a kan jaka, uban na ja zai ɗauka, ɗan ya riƙe gam. Na tsaya ina kallo, na ce ashe alkunya ba a ƙasar Hausa ta tsaya ba. Har na baro gidan ban ji wani ƙarami ya ambaci sunan babba ba. Uba Ba ne, uwa Ma, kakar wajen uba Nainai.

Sanyin Hunan mai shiga ƙashi ne, gidajensu kuma ba su da bututun ɗumama ɗaki irin na arewacin ƙasar. Tebur ne a tsakar ɗaki da abin jin ɗumi a ƙarƙashinsa, an lulluɓe shi da bargo, kowa ya cusa ƙafafunsa ciki. A nan ake hira, a nan ake ɓare gyaɗa. Gefen da ya fi ɗumi na Nainai ne, kakar da ta haura tamanin, kuma ko ta shiga ɗaki ba mai zama a wurin.

A madafi naman alade ne rataye reras, hayaƙi ya baƙanta shi, abin alfaharin mutanen yankin. Gabana ya faɗi. Sai uwar ta jawo ni ta nuna min sabuwar tukunya da sabuwar wuƙa, ko takardar kanti ba a ɓare ba. Ɗanta ya gaya mata ta waya cewa baƙon ba ya cin alade, ba ya shan giya. Kifi da ƙwai da ganye ta riƙa yi min daban, da barkonon da sai da ya sa ni hawaye, ni da nake taƙama na tashi da yajin Kano.

Ranar jajibiri da yamma mazan gidan suka hau wani tudu inda kabarin kakan yake. Suka share ciyawa, suka kunna turaren tsinke, suka ƙona takardun da suke cewa kuɗin lahira ne, suka tashi abin wasan wuta mai ƙara, kowa ya sunkuya a gaban dutsen kabarin. Ni daga gindin tudu na tsaya. A nan hanyarmu ta rabu da tasu, mu addu'a da sadaka muke yi wa mamaci, sujada kuma ta Allah ce. Ba wanda ya matsa min. Ɗan Hunan ya ce a farkon Afrilu ma za su sake zuwa, ranar Qingming, ranar share kaburbura, wadda tun 2008 gwamnati ta mai da ita ranar hutu.

Abincin daren nan shi ne ƙashin bayan bikin. An zaunar da Nainai tana fuskantar ƙofa. Kwanuka sun cika tebur, tururi na tashi, 'yar jikanyar gidan mai shekara huɗu tana ta haɗiyar yawu, amma ba wanda ya taɓa tsinken cin abinci sai da tsohuwar ta ɗauki nata. Mahaifin Ɗan Hunan, mutum mai furfura, shi ya zauna kusa da ita yana zare ƙayar kifi ɗaya bayan ɗaya, yana ɗora tsokar a kan shinkafarta, tana yi masa faɗan ya cika mata kwano. In za a haɗa kofuna, ƙarami sai ya saukar da bakin nasa ƙasa da na babba. Ni da kofin shayina na koyi hakan a daren.

Bayan an watse, sai ga Ɗan Hunan da robar ruwan zafi. Wannan mutumin da a Gwanzu yake daka wa direbobin kwantena tsawa, shi ne ya naɗe hannun riga ya tsuguna, ya cire wa babansa safa. Ya fara tsoma gwiwar hannunsa ya ji zafin ruwan, ya ƙara na sanyi kaɗan. Ƙafar tsohon duk faso. Ya riƙa cuɗa ta a hankali, yana bi tsakanin yatsu, tsohon na kallon talabijin kamar ba da shi ake ba. Da aka gama ya goge da tawul, ya ɗauko abin yanke farce. Ba wanda ya ce sannu, ba wanda ya ce na gode.

Tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, kuma malami ko ya bar aji bakinsa bai bari ba. Ya sa ɗansa ya yi mana tafinta. Ya ce tushen wannan tarbiyya malaminsu ne Kongzi, wanda duniya ta sani da Konfushiyas, da aka haifa shekara 551 kafin haihuwar Annabi Isa a yankin Qufu na lardin Shandong. Wani almajiri ya tambaye shi game da biyayyar iyaye, sai ya ce mutanen yanzu sun ɗauka ciyar da iyaye shi ke nan, alhali kare da doki ma ana ciyar da su. In babu girmamawa, ina bambancin? Ya ce a da, shekara uku ake zaman makokin iyaye, har ma'aikacin sarki sai ya ajiye muƙaminsa ya koma gida, domin shekara uku jariri ke yi kafin ya sauka daga hannun iyayensa. Na karanta masa ma'anar ayar da ta hana a ce wa iyaye ko "tir". Ya sa aka maimaita masa, ya jinjina kai.

Abin da ya ba ni mamaki, ya ce yana saurayi, a zamanin juyin al'adu na 1966 zuwa 1976, shi kansa an sa su sun yi ta la'antar Kongzi a taro, 'ya'ya suna tona asirin iyayensu a bainar jama'a. Yana faɗin haka ya yi shiru, ɗan kuma ya canza zance.

Can cikin dare, muna zaune ni da Ɗan Hunan ƙafa a ƙarƙashin bargo, na ce masa gaskiya ya burge ni. Ya yi wata dariya wadda ba ta jin daɗi ba.

"Alhaji, ku nawa ne a gidanku?"

Na ce mu goma sha ɗaya ne wajen babanmu.

"To ni kaɗai ne. Matata ma ita kaɗai ce."

An haife shi a zamanin dokar ɗa ɗaya, wadda aka tsaurara daga 1980, ba a kuma ɗage ta ba sai farkon 2016. A ƙauyuka da yawa akan bar mutum ya ƙara haihuwa in ta fari mace ce, shi kuwa namiji ya zo, sai aka rufe. Ya shiga ƙirga min da yatsu: babansa, mamarsa, Nainai, surukinsa, surukarsa, ga 'yarsu. Duk a wuyan mutum biyu. Mu in Hajiya ta yi zazzaɓi, kafin a kira ni yaya Babba ya kai ta asibiti, matan gidan sun raba kwana, wani ya biya magani. Shi in waya ta yi ƙara da dare, ba shi da wanda zai ce wa je ka duba.

'Yar tasu ma a ƙauyen take zaune wajen kakanni, domin rajistar zama ta iyali, wadda suke kira hukou, ta garinsu ce, samun makarantar gwamnati a Gwanzu kuma sai an sha wuya. Wato tsofaffin da ya kamata a ce suna hutawa su ke raino. Ya ce Kongzi ya ce muddin iyaye na raye kada ɗa ya yi nisa, amma Kongzi bai san kuɗin asibiti ba.

Ya ba ni labarin dokar kare haƙƙin tsofaffi da aka yi wa gyara ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2013, wadda ta wajabta wa 'ya'ya su riƙa ziyartar iyayensu a kai a kai. A ranar ma wata kotu a birnin Wuxi ta yanke hukunci a ƙarar da wata tsohuwa mai shekara 77 ta kai 'yarta, aka ce dole ta riƙa zuwa duba ta aƙalla sau ɗaya a wata biyu. Ni dai a raina na ce duk ranar da alƙali ne zai tura ka gaida uwarka, ai an riga an yi asara. Amma ban ga laifin masu dokar ba. Ƙidayar 2020 ta nuna masu shekara 60 zuwa sama a ƙasar sun kai miliyan 264, kuma a ƙauyen nan da idona na ga gidajen da ko a daren bikin tsoho da tsohuwa ne kawai a gaban talabijin.

Da safe aka yi gaisuwar shekara. 'Yar yarinyar ta durƙusa gaban Nainai ta kai goshi ƙasa, aka ba ta jan ambulan da kuɗi a ciki. Ɗan Hunan ya miƙa wa iyayensa nasu da hannu biyu, uwar ta yi ta turewa kafin ta karɓa, daga baya na gan ta tana cusa shi a jakar surukarta. Sai Nainai ta yafuto ni. Ta tambaya ko ina da mata, aka ce babu. Ta kama baki, ta zaro jan ambulan ta danƙa min, wai wanda bai yi aure ba yaro ne. Sannan ta ce a gaya min ina wahalar da mahaifiyata, domin babban rashin biyayya shi ne mutum ya ƙi ba iyayensa jika. Gidan ya kwashe da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Kamar bakinta na da wani abu. Muna cikin jirgin komawa Gwanzu, buhun busasshen barkono da ƙwan agwagwa da suka haɗa min a tsakanin ƙafafuna, sai ga kiran yaya Babba daga Kano. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Hajiya ta ce a gaya maka Kawu ya ba ka 'yarsa, ita kuma ta karɓa. Ka sa ranar dawowa."

Yarinyar nan rabona da ita tun tana tallan gyaɗa a ƙofar gidansu. Abin da na ce wa yaya, da yadda muka kwashe da Hajiya a waya washegari, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.