Sunan Alhaji ne a rajista, sa hannunka ne a cak

Ƙannena masu riƙe wa wani kamfani a Maraɗi ko Damagaram, ku daina dogara da cewa "ai ba sunana a rajista". Dokar OHADA (ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokokin kasuwanci iri ɗaya) kan kamfanonin da suka kasa biyan bashi, wadda aka sabunta a 2015, tana aiki a Nijar da Kamaru da Cadi. Sashe na 230 ya saka shugaban da aka naɗa da mai juya kamfanin a bayan fage cikin ƙwarya ɗaya. In aka ɓoye littattafan lissafi, ko aka karkatar da kaya, ko aka amince cewa ana bin kamfani bashin da bai ci ba, karayar arziki ta zamba ke nan, kuma kotun hukunta laifi za ta ji maganar.

Kariyarka ta farko ita ce nuna cewa umarni kake bi. Alƙali zai duba wa ke ɗaukar ma'aikata ya sallame su, wa ke yanke farashi da dillalai, wa banki ke kira. Sa hannu a cak jefi-jefi bai isa ya mai da mutum shugaba ba. Sai an tabbatar yana yanke shawara da kansa, a kai a kai, ba mai tsawata masa. Don haka ka nemi takardar ɗaukar aiki, ta albashi, da rajistar CNSS, asusun fansho da kula da ma'aikata na ƙasa. Izinin wakiltar kamfani a banki ya zo a rubuce, da iyakar kuɗi da kwanan wata. In Alhaji ya kira ya ce a ba wane buhu 200, tura masa saƙo ya amsa da "to". Nauyin baki a nan tsada gare shi.

Ta biyu, kowane kuɗin da ya fita a san inda ya sauka: rasidi, takardar fitar kaya daga sito. Shekara 10 doka ta ce a adana takardun lissafi.

Ranar da abin da ke hannu ya kasa biyan bashin da lokacinsa ya yi, kwana 30 ne a sanar da kotu. A wannan tsakanin ake tafka ɓarna: a kwashe kaya da dare zuwa gidan ƙani, a biya aboki a bar sauran masu bin bashi. Kar ka taɓa kaya, kar ka goge WhatsApp, kar ka cike littafi da kwanan watan baya. Ka samu lauyanka daban da na Alhaji, domin a gaban alƙali kowannenku ɗan'uwansa zai nuna.