Tafkunan cikin rami na Oman da Meziko: kafin ka tsoma ƙafa

Duk Bakano ya san kududdufi, ramin da aka haƙi ƙasar gini ruwan damina ya cika. Tafkunan cikin rami na Oman da Meziko kuwa ba hannun mutum ya haƙa su ba, kuma ba a samun irinsu a Kano, don dutsen da ke ƙarƙashinmu mai tauri ne, ruwa ba ya narka shi. Sai inda akwai dutsen farar ƙasa, irin wanda ake siminti da shi a Ashaka da Kalambaina. Ruwan sama yana ɗauke da ɗan tsami daga iska da ƙasa, ya riƙa cin dutsen ta ƙarƙashi shekaru dubbai har kogo ya samu. Ran da rufin kogon ya rufta, sai ruwan da ke ciki ya bayyana.

Tsakanin ƙasashen biyu, wanda ya fi mana kusa shi ne tafkin Bimma a Oman, kan hanyar Maskat zuwa Sur, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota. Bakinsa mita 50 ne a 70, zurfinsa wajen mita 20, ana sauka ta matakalar siminti. Ruwan da ɗan gishiri, don teku na kusa. Akwai ƙananan kifaye masu tsattsagar fatar ƙafa, ba sa cutarwa. A je tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da zafi ya sauka, kuma a shiga da suturar mutunci. Mutanen wurin ba sa son tsiraici, mu ma haka.

A yankin Yukatan na Meziko kuwa, irin waɗannan ramuka dubbai ne. Ik Kil, kusa da kangon birnin Chichen Itza, sai an sauka kimanin mita 26 kafin a taɓa ruwa, ruwan kansa kuma ya kai mita 40.

Nan haɗarin yake. Ruwan garau yake, kana hango duwatsun ƙasa kamar ka taka su, alhali sun ninka tsayinka sau da yawa. A wurare da dama ba a shiga a hankali daga gwiwa zuwa ƙugu: daga matakala ta ƙarshe sai zurfi. Wanda ya koyi iyo a teku ma ya kula, domin ruwa marar gishiri ba ya ɗaga jiki sosai, sanyinsa kuma kan sa tsoka ta ɗaure. Saboda haka a sa rigar hana nutsewa ko da an iya iyo, a ja igiyarta ta kama ƙirji. In ta yi sako-sako, da ka faɗa ruwa za ta hau maka wuya. Yaro kuwa kada ya wuce inda hannun babba zai kai.

Kada a yi tsalle sai inda masu wurin suka nuna, don akwai tudun duwatsun rufin da ya rufta a ƙarƙashi. Kogon da ke gefe ma a bar wa masu horo da tukunyar iska. Ƙafa ɗaya in ta tayar da laka, gani ya ƙare, hanyar fita ta ɓace.

A Yukatan za a ce ka yi wanka kafin ka shiga, kuma ban da mai ko turare a jiki. Wannan doka tana da wuya ga mai son basilin da humra, amma daidai ce: ruwan ba ya gudu kamar kogi, kuma daga shi mutanen garin ke sha. A tanadi takalmin roba mai kama ƙasa, don gansakuka ta sa matakala santsi, silifa ba za ta riƙe ba. Waya a sa ta jakar leda mai rufi da igiyar wuya. In an kwana ana ruwan sama, a ɗaga zuwan, saboda datti daga sama yakan gangaro ciki.