Abin da ɗakin gaggawa ya koya mini game da madafa

Idan aka ce ƙuna, hankalin mutane kan tafi ga gobarar kasuwa ko ta tankar mai. Amma yaran da ake kawo mana a sashen gaggawa, inda nake aikin jinya, galibinsu ko harshen wuta bai taɓa su ba. Ruwan zafi ne, ko talge, ko kunu, ko man suya. Lokutan ma sanannu ne: da sassafe ana haramar makaranta, da magariba uwa ta dawo daga aiki a gajiye, sai kuma watan azumi gab da shan ruwa, ga ƙosai a kasko, ga kunu a tukunya, mutum ɗaya ke kula da su duka.

Sau da yawa uban yaro na shigowa da faɗa, yana tambayar matarsa ina take har abin ya faru. Ni na daina yarda da wannan tambayar, domin amsar kusan kullum ɗaya ce: tana nan, taku biyu tsakaninta da yaron, ta juya ne ta ɗauko muciya. Matsalar tana wajen da muke ajiye wuta. Murhu a ƙasa, risho a ƙasa, kurfoti a ƙasa, tukunyar da aka sauke ita ma a ƙasa, daidai tsayin mai rarrafe. Ga fatar yaro ba ta kai ta babba kauri ba, zafin da zai ja wa uwa ɗan ja a hannu shi zai saɓule masa fata. Talge da koko sun fi ruwa mugunta, saboda suna manne wa jiki su ci gaba da ci.

Gyaran ba na kuɗi ba ne. A samu katako a gitta a ƙofar kicin. Abin da aka sauke a ɗora shi sama, mariƙin kasko ya kalli bango. Ruwan wanka a fara zuba na sanyi a bokiti kafin a sirka da na zafi, kada a bar tafasasshe a tsakar gida da sunan bari in ɗebo na sanyi. Filas ɗin shayi ma ba wurinsa ba ne kan tabarma. Shi kuma maigida, rabin sa'ar nan da ake tuƙa tuwo, ya riƙe yaran a ɗaki ko ya fita da su ƙofar gida. Na fi ganin amfanin wannan a kan duk faɗan da zai yi a asibiti.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ake lalata ciwo kafin a iso wurinmu. Wata kaka ta taɓa shigowa da jikanta, ƙirjinsa ya sha ɗanyen ƙwai da man goge baki, sun bushe sun yi ɓawo. Ta ce, "Sista, mun shafa masa magani, ya ɗan yi shiru." Na ce, "Hajiya, Allah ya saka da alheri, amma dole mu wanke shi duka kafin likita ya ga zurfin ƙunar." Tana tsaye tana hawaye muna goge abin da ta shafa da hannunta, yaron na tsala ihu. Da kyakkyawar niyya ta yi, haka ta ga ana yi tun tana yarinya. Wasu manja suke sa wa, wasu gishiri, toka, har da baƙin mai. Babu ɗaya da ke fitar da zafin daga cikin nama, sai dai su kawo ƙwayoyin cuta.

Ruwa ne maganin farko. Ruwan famfo ko na randa, a yi ta kwarara wa wurin har minti 20, kuma ko an makara yana da amfani cikin sa'o'i uku na farko. Ban da ƙanƙara, tana ƙara kashe fatar. A cire riga da awarwaro da zobe kafin wurin ya kumbura, amma tufar da ta manne a ƙyale ta. Sauran jikin yaron a rufe shi kada sanyi ya kama shi, musamman da hunturu. Bororo kuma ba a fasa shi. A lulluɓe da tsumma mai tsabta a taho asibiti idan ƙunar ta fi tafin hannun yaron faɗi, ko ta taɓa fuska, hannu, ƙafa, gaɓa ko al'aura. Wadda ta yi fari ko baƙi kuma ba ta zafi, ita ce mafi zurfi, kada shirun yaro ya ruɗi kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe kusan mutum 180,000 a shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu.

Sai kananzir. Ana zuba shi a gorar lemo a ajiye bayan ƙofa, yaro ya dawo da ƙishirwa ya kafa kai. Nan da nan sai ka ga an ɗura masa manja, an sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Aman nan shi ne haɗarin, domin shi ke kai kananzir cikin huhu. Kada a sa shi amai, a canja masa kayan da suka jiƙe a kawo shi, ko da an ga kamar lafiyarsa ƙalau. Risho kuma ba a ƙara masa mai yana ci.

Masu gas, in an ji wari a rufe tukunyar gas ɗin, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Da ruwan sabulu ake gwada tiyo, inda ya yi kumfa nan yake yoyo, ba da ashana ba. Idan mai ya kama a kasko, a kashe wuta a kife masa murfi, ruwa fantsama shi zai yi. Dogon hijabi mai santsi kuwa a cire shi kafin a tsaya gaban wuta, irin wannan yadin narkewa yake a jikin fata.

Ranar sallama nakan zaunar da iyaye biyun tare, ba uwar kaɗai ba. Ƙunar da ta taɓa yatsu ko gwiwar hannu tana tsukewa in ta fara warkewa, yatsu su haɗe, hannu ya ƙi miƙewa. Dole a riƙa dawowa wankin ciwo ranar da aka rubuta a kati, a kuma riƙa motsa gaɓar a gida yadda aka nuna, ko yaron yana kuka. Shi ya sa nake so maigida ya ji da kunnensa, tunda kuɗin mota da na bandeji daga aljihunsa za su fito.