Ziyarata Amurka: Rashin lafiya a ƙasar da ba ka jin yarenta

Sanyi ne ya fara tarbata a New York, sai wani jami'i a filin jirgi mai jefo tambayoyi kamar na ci masa bashi. Ni na yi boko, na amsa na wuce. Wata dattijuwa da ke gabana kuwa ya yi ta ɗaga mata murya, wai ƙarfin sauti zai sa ta ji Turanci. Raina ya ɓaci ƙwarai.

A Bronx, wani yanki na birnin New York, na sauka, gidan ɗan kawuna mutumin Maraɗi, direban tasi ne na dare. Matarsa kitso take yi a Harlem, wajen titi na 125. Allah ya saka musu da alheri, ɗakinsu suka bar mini suka koma falo da yara, kullum da tuwo miyar kuka. Kuɗin hayar gidan nan na wata guda zai biya hayar shekara a unguwarmu a Katsina har da canji, ga ɓeraye, ga bango na tsattsafo da ruwa. A kasuwar Malcolm Shabazz da ke titi na 116 na samu rigar sanyi, ɗan Sanagal mai rumfar ya rage mini kusan rabi don na yi masa sallama.

Na daɗe ina aikin jinya kafin na yi ritaya, don haka idona bai bar ƙafar matar gidan ba. A kumbure take, ga ciwon kai kullum, tana ta haɗiyar farasitamol da jiƙon da ake aiko mata daga gida. Da na matsa mata sai ta ce, "Yaya, ranar da ban je shago ba ko sisi ba ni da shi. In ma na je asibitin, me zan ce musu?"

Muka je tare da 'yarta 'yar shekara 13, wadda aka hana zuwa makaranta ranar don ta yi tafinta. Likita ta tambayi al'ada da batun juna biyu, yarinya ta sunkuyar da kai, uwa ta kau da fuska. Wace Bahaushiya ce za ta yi wannan magana ta bakin 'yar cikinta? Na ce a nemo tafinta. Aka ɗan ja jiki, sannan aka kira wani ta waya, Hausarsa raɗau. Nan ne gaskiya ta fito. An taɓa ba ta maganin hawan jini, ta sha har kwalba ta ƙare, ta ɗauka irin maganin zazzaɓi ne da ake gamawa a huta. A jikin kwalbar an rubuta ta koma ta karɓi wani, amma da Turanci. Wata da watanni kenan tana yawo da jini a sama.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tafintan nan haƙƙinta ne, kyauta. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana duk asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci saboda asalin ƙasa, yare kuma yana ciki. Shugaba Clinton ya ƙarfafa wannan da umarni a 2000. A Maris 2025 Shugaba Trump ya soke umarnin, ya ayyana Turanci a matsayin harshen hukuma, amma dokar 1964 tana nan. Matan shagon kitso labarin sokewar kawai suka ji. Mutum sama da miliyan 25 ne a Amurka ba sa jin Turanci sosai. Mai Sifaniyanci yana samun tafinta nan take, mai Hausa sai ya jira, mai Zabarmanci ko Sarakole ya fi shi jira. Wata kuma ta ce mini ko an kawo ba ta so, don 'yan garinsu ba su da yawa a birnin, tana tsoron ciwonta ya zama hirar gidan suna.

Ga tsoron takardu. A 2019 aka fito da ƙa'idar da za ta iya hana mai cin tallafin gwamnati samun katin zama. An janye ta a 2021, amma har yau mutane na gudun duk takardar da za su sa wa hannu. Birnin yana da shirin kula da lafiya mai suna NYC Care, wanda aka fara a Bronx a 2019 don marasa inshora, ba a duba matsayin zamanka, amma ɗan kawuna bai taɓa jin sunansa ba. Abin da kowa ya sani shi ne dokar 1986 da ta hana sashen gaggawa korar mara kuɗi. Shi ya sa ake jira sai an faɗi, daga baya takardar bashi ta biyo ka gida. A wajenmu ka sayi kati, ka sayi allura, ka sayi safar hannu, wani lokacin ka kwana a ƙasa, amma kana iya cewa "jiri nake ji" likita ya gane. Ko da yake Bafulatanar ruga ma tana shan irin wannan a asibitocinmu, na gani da idona.

Ƙaramin ɗansu asma gare shi. Tagarsu na kallon babbar hanyar Cross Bronx, manyan motoci dare da rana. Shekara da shekaru Bronx ce ta 62 cikin gundumomi 62 na jihar New York a ma'aunin lafiya. Da na ga hita a tsakar ɗaki sai gabana ya faɗi, don irinta ce ta tayar da gobarar Janairun 2022 a wani dogon bene a nan Bronx, mutum 17 suka rasu, yawancinsu 'yan asalin Gambiya.

Daga nan na shiga bas zuwa Greensboro a jihar North Carolina, inda 'yan Nijar suke da yawa. Haya ta fi sauƙi, mutane sun fi fara'a, amma in ba ka da mota asibiti ya yi maka nisa, maza kuma aiki biyu-biyu suke yi. A Washington na hango fadar White House ta bayan shinge. Ranar dawowa kayana suka yi nauyi, na biya kuɗin da har yanzu nake jin zafinsu.