Dariyar da na yi a ɗakin tsoho

Har yau abin yana ci na a rai. Ranar 25 ga Fabrairun 2025 ce, watana huɗu da fara aikin kula da tsofaffi a Ingila. Ina durƙushe ina sa wa wani dattijo safa, talabijin a kunne, sai ga Firayim Minista Keir Starmer a majalisa yana cewa za a ƙara kuɗin tsaro zuwa kashi 2.5 cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasar nan da 2027, kuma daga kuɗin tallafin ƙasashen waje za a yanko, a rage shi daga kashi 0.5 zuwa 0.3. Tsohon ya dube ni ya ce ya yi daidai, mutanenku sun daɗe suna cin harajinmu.

Ni kuwa sai na yi dariya, kamar ya ba ni labari mai daɗi, har da gyaɗa kai. An hore mu da kada a mayar wa babba magana, ga shi kuma bizata a hannun masu gidan take. Na ƙarasa sa masa safar na fita.

A motar komawa gida ne amsoshi suka yi ta zuwar mini, bayan ba su da amfani. Wane haraji? Ni ma duk wata sai an yanki nawa kafin albashin ya iso hannuna, kuma a rubuce yake a takarduna cewa ba ni da haƙƙin tallafin gwamnati. Tallafin ma da yake gori a kai, a 2023 fiye da kashi ɗaya bisa huɗu nasa bai bar Birtaniya ba, a nan aka kashe shi kan masu neman mafaka, galibi kuɗin otal. Ministar da ke riƙe da sashen, Anneliese Dodds, ajiye aiki ta yi bayan kwana uku da sanarwar. Ita ta iya buɗe baki.

Ban ce ba su da dalili ba. Tun da Rasha ta afka wa Yukren a 2022 Turai ba ta barci da ido biyu rufe, ga Amurka tana matsa musu su riƙa biyan kuɗin kare kansu. Amma yaƙi a can, ramuwa a kan ɗan ƙanwata?

Don a satin nan Inna ta kira. Tun da Trump ya dakatar da tallafin Amurka a Janairu, asibitin garinmu ya fara ƙaranta abincin yara masu tamowa. Ƙanwata ta je sau biyu da goyo, aka ce ta dawo. Majalisar Najeriya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya don cike giɓi, na gaya wa Inna haka, ta ce, "To, Allah ya kawo shi nan."

Daren nan na tura kuɗi. Da aka canza su suka yi auki, Inna ta yi ta sa albarka, ni ma na ji kaina ya yi girma. Sai ta miƙa wa ƙaramata waya. Dokar da ta fara aiki a Maris 2024 ta hana masu irin aikinmu zuwa da iyali, shi ya sa yarana biyu suna wurin Inna. Yarinyar ta yi shiru, ina jin numfashinta, sannan ta tambayi Inna wace ce.

Da safe na koma ɗakin tsohon. Ya ce shayinsa ya huce.